'Yan fashin teku, 'yan fashin daji: Fim ɗin Denmak da ya yi kama da labarin Gobir

DUK wanda ya saba kallon finafinan Turawa, da zarar an ce masa ga fim ɗin 'yan fashin teku, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Johnny Depp ya sha kwalli raɗau, ya ɗaura jan ƙyalle a ka, yana tangaɗi a bisa jirgin katako da takobi a hannu. To akwai wani fim na 'yan fashin teku da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu takobi, babu bos, babu rawa da waƙa. Kai, hatta sin ɗin da 'yan fashin suka hau jirgin ma darakta bai nuna ba. Amma da za a kunna wa mutumin Sabon Birni ko Isa wannan fim, ko da ba ya jin kalma guda ta yaren da ake yi, kafin a kai rabi zai gane abin da ake ciki sarai, domin kuwa ya san irin wannan zama na jugum a gaban waya ana jiran ta yi ƙara.

Sunan fim ɗin 'Kapringen' da yaren mutanen Denmak, a kasuwar duniya kuma ana kiran sa 'A Hijacking'. Ya fito a 2012, kuma Tobias Lindholm ne ya rubuta labarin ya ba da umarni. An fara nuna shi a bikin finafinai na birnin Banis a Italiya, sannan a 2013 ya lashe kyautar Bodil ta gwarzon fim na ƙasarsu.

Ita dai Denmak 'yar ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta kimanin miliyan 6 ne kacal, wato ba su kai rabin jama'ar Jihar Kano ba. Tana da tsibirai fiye da 400, kuma babu garin da mutum zai tsaya a ƙasar ya ce teku ya yi masa nisan da ya wuce kilomita 52. Saboda haka tun kaka da kakanni a kan ruwa suke neman abinci. Waɗannan kwantenoni masu farin tauraro da aka rubuta wa Maersk, waɗanda tireloli ke jigilar su daga Apapa zuwa Arewa, na wani kamfanin ƙasar ne da aka kafa tun 1904. Yadda Bagobiri ya ɗauki hanyar kasuwa da gona, haka mutumin Denmak ya ɗauki teku. Idan aka tare masa shi, an tare masa maƙogwaro. Shi kansa Lindholm ɗan ma'aikacin jirgin ruwa ne.

Cinikin rai ta waya

Labarin ya soma ne da wani kuku mai suna Mikkel, wanda ke dafa wa ma'aikatan wani jirgin dakon kaya mai suna Rozen abinci a tekun Indiya. Yana cikin ɗokin komawa gida wurin matarsa da 'yarsa. Pilou Asbæk ne ya fito a wannan rol. Masu kallon 'Game of Thrones' sun san shi, shi ne Euron Greyjoy, wannan tantirin ɗan fashin teku. Ka ji ikon Allah, wanda aka yi garkuwa da shi a wannan fim, bayan 'yan shekaru shi ya koma shugaban 'yan fashi a wani.

Daga nan sai kyamara ta tsallaka birnin Kofenhagen, ofishin shugaban kamfanin, Peter, wanda Søren Malling ya hau rol ɗinsa. An nuna shi gwanin ciniki ne, yanzun nan ya gama murɗe wasu 'yan kasuwar Japan a kan farashi. Yana cikin jin daɗin wannan nasara aka zo aka raɗa masa cewa 'yan fashin Somaliya sun kama jirginsu. Shi ke nan, mai kallo bai ga harbi ba, bai ga gudu ba, labari kawai ya ji kamar yadda iyalan mutum kan ji.

Kamfani ya ɗauko wani ƙwararre kan harkar garkuwa, ya ba su shawara su nemo wani daga waje ya yi cinikin, don wanda abin ya shafa zuciya za ta iya ɗibar sa. Peter ya ce atafau shi zai yi da kansa. A can cikin jirgi kuma akwai Omar, mai jin Turanci, wanda ya dage cewa shi ba ɗan fashi ba ne, tafinta ne kawai aka ɗauko, shi ma so yake a gama ya koma wurin 'ya'yansa. Ko gaskiya yake faɗi ko wayo ne, har fim ya ƙare ba a warware wa mai kallo ba.

'Yan fashi suka yanka dala miliyan 15. Peter ya taya dala 250,000. Mai karatu zai ce wannan ai rashin imani ne, kamfani mai kuɗi ya tsaya yana taya ran mutum kamar ana cinikin akuya. To amma ƙwararren nan ya yi masu bayani cewa in suka biya da wuri, 'yan fashin za su ɗauka kafin alƙalami ne kawai, su ƙara kuɗi. Dole sai an ja, an gaji, kowa ya yarda babu sauran abin tatsa. Haka kwanaki suka yi ta tafiya ana rubuta su a kan allo: kwana kaza, kwana kaza, har aka haura wata huɗu. A Kofenhagen mutane na cikin ɗaki mai sanyi da fararen riguna, suna kallon waya da na'urar fakis. A cikin jirgi kuwa zafi, ƙudaje, bokitin bahaya a kusurwar ɗaki, abinci na ƙarewa.

Sin ɗin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne inda aka ba Mikkel waya ya kira matarsa. Ya fara magana ke nan cikin murna, sai aka ɗora masa bindiga a ka, aka tilasta shi ya ce mata ta je ta matsa wa kamfani su biya, sannan aka katse. Akwai kuma inda Peter ya harzuƙa ya ɗaga wa Omar murya, sai kawai ya ji ƙarar bindiga ta cikin waya, layi ya mutu. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, shi kaɗai, bai san ko ya jawo an kashe kukunsa ba. Babu kiɗan tausayi, babu kuka da birgima. Duk da haka mai kallo sai ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa.

Wani abin kuma, akwai ranar da suka kama ƙaton kifi, 'yan fashi da waɗanda aka kama suka ci tare, suka yi waƙa tare ana dariya. Washegari bindiga ta dawo. Wanda ya taɓa sauraron mutumin da ya kuɓuto daga daji ya san irin wannan ruɗani, inda yaron da ya ba ka ruwa jiya shi zai zane ka yau.

A ƙarshe an sallama a dala miliyan 3.3. An biya, an yi murna, sai kuma a daidai lokacin da 'yan fashin ke shirin sauka, wani daga cikinsu yana wasa da bindiga ta tashi ta kashe kyaftin. An biya kuɗi, ran bai tsira ba.

Lindholm bai yi wasa da shirin ba. Jirgin da aka yi shutin a cikinsa, Rozen, jirgi ne da 'yan fashin Somaliya suka taɓa kamawa da gaske a 2007. An fita da shi teku daga gaɓar Kenya aka yi aikin a can. Wanda ya fito a ƙwararren mai ba da shawara, Gary Skjoldmose Porter, ba ɗan wasa ba ne, aikinsa ke nan a zahiri. Shi ya sa maganarsa ba ta yi kama da hadda ba.

Bayan shekara guda Holiwud ta fito da nata, 'Captain Phillips', wanda Tom Hanks ya ja, kan jirgin Maersk Alabama da aka kama a Afrilu 2009. Fim ne mai kyau, kuma Barkhad Abdi, ɗan Somaliyan da bai taɓa fim ba sai a nan, ya ci kyautar BAFTA da shi. Sai dai na Amurka ne: jiragen yaƙi sun zo, gwanayen harbi sun zo, an gama cikin 'yan kwanaki. Yawancin waɗanda aka taɓa sace wa ɗan'uwa ba su ga irin wannan ƙarshe ba. Na Denmak ɗin suka sani.

Ba ƙage ba ne

Mutanen Denmak sun sha wannan ɗaci da gaske kafin su mai da shi fim. A 2007 an riƙe jirginsu Danica White kwana 83. A Nuwamba 2008 aka kama CEC Future na kamfanin Clipper, aka fara da neman dala miliyan 7, aka ƙare a ƙasa da miliyan 2, aka jefo kuɗin daga jirgin sama. Mafi muni shi ne na jirgin Leopard: a Janairu 2011 aka kwashe ma'aikatansa shida, biyu 'yan Denmak, huɗu 'yan Filifin, aka kai su tudu, ba a sako su ba sai ƙarshen Afrilu 2013. Kwana 838 ke nan.

Da abin ya lafa a Somaliya, sai ya taso a mashigin tekun Gini, wato ruwan da ke kudu da Nijeriya. A Nuwamba 2021 jirgin yaƙin Denmak mai suna Esbern Snare ya yi artabu da wasu da ake zargi 'yan fashi ne a wannan ruwa, aka kashe huɗu, aka kama huɗu. Uku an sake su a ƙaramin kwale-kwale, na huɗun da ya rasa ƙafa aka tafi da shi Denmak aka yi masa shari'a. A Maris 2023 kuma aka hau wani jirgin dakon mai na kamfanin ƙasar, Monjasa Reformer, a kusa da Kwango, aka sace mutum shida, sai a watan Mayu aka same su a Nijeriya. Ashe dai labarin bai yi nisa da gida ba kamar yadda ake zato.

Tekun Gobir

Gobir ba ta da teku. Abin da take da shi Gulbin Rima ne, da Bunsuru, da Gulbin Maraɗi, da fadamu masu albarka. Amma tana da hanyoyi, kuma hanya ita ce tekun ɗan kasuwa da manomi: wadda ta taso daga Sakkwato ta bi Goronyo zuwa Sabon Birni, wadda ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa, wadda ta wuce Shinkafi, da waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Waɗannan hanyoyi su 'yan bindiga suka mayar wurin farauta.

A Mayu 2020 an kashe fiye da mutum 70 a hari guda a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da 40 suka rasu. A farkon Disamba na shekarar aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, hukuma ta ce 23 ne suka ƙone, mutanen gari suka ce sun fi haka. Sunan Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙasa-ƙasa da murya. Sannan a ƙarshen Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa, a kan hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Bidiyonsa ya zagaya wayoyi, dattijo a ɗaure yana roƙon a cece shi. A watan Agusta labarin kisansa ya fito. Allah Ya jiƙan sa da sauran waɗanda suka rasu.

Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa, kuma su ne suka yi kama da 'Kapringen' sak. A sace magidanci a gona ko a hanya. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara, sau da yawa ma da lambar shi wanda aka sace. A yanka miliyoyi. Ƙaninsa ko babban ɗansa, wanda bai taɓa cinikin da ya wuce na buhun gero ba, shi zai zama Peter na gidan. Ya yi rantsuwa babu, a zage shi, a sa masa kukan ɗan'uwansa a kunne, a kashe waya. Wani lokaci ban da kuɗi a ce sai an haɗo da babur sabo, ko katin waya, ko kayan abinci.

Bambancin shi ne Peter na da kamfani, da inshora, da ƙwararre a gefensa yana rubuta masa abin da zai faɗa, da jirgin sama mai jefa kuɗi. Na Gobir kuwa rumbu zai fasa, ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da gona, a yi karo-karo a masallaci, a kira 'yan'uwa da ke ci-rani a Kudu. Sannan a nemo mai ƙarfin halin da zai ɗauki kuɗin ya shiga daji, alhali kowa ya san an sha riƙe ɗan aike. A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. A takarda magana ce mai ma'ana. A zauren da ake jiran waya kuwa, wa zai iya kallon uwar wanda aka sace ya karanta mata ita?

Akwai ma wani sin da Lindholm bai taɓa mafarkinsa ba. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Sai mutanen bakin iyaka suka koma farautar sabis ɗin Nijar. A yi tunanin mutumin da ake ciniki da shi kan ran matarsa, ga shi yana yawo yana ɗaga waya sama yana neman layi. Wane marubuci ne zai ƙago wanda ya fi wannan?

Su ma jikokin 'yan fashi ne

Abin dariya, in ana dariya a irin wannan, su mutanen Denmak da ke kuka da 'yan fashi, kakanninsu ne manyan 'yan fashin teku na Turai. Masu bin fim mai dogon zango na 'Vikings', wanda aka yi daga 2013 zuwa 2020, sun ga Ragnar da mutanensa. A tarihi na gaske, da hare-harensu suka ishi Ingila, sai sarkinta ya fara biyan su don su bar shi ya sarara. A shekarar 991 an ba su azurfa mai nauyin fam 10,000. A 994 ta koma 16,000, a 1002 ta kai 24,000, a 1012 kuma 48,000. A 1016 ɗan Denmak, Sarki Kanut, shi ke kan gadon sarautar Ingila ɗungurungum. Mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa da aka ɗora wa haraji kafin su yi shuka, aka sake ɗora masu wani kafin girbi, ba su buƙatar malamin tarihi ya fassara masu wannan lissafi.

Ranar da aka rufe ƙasa

A 2024 wani daraktan Denmak, Thomas Vinterberg, ya fito da fim mai kashi 7 mai suna 'Families Like Ours'. Shi da Lindholm abokan aiki ne, tare suka rubuta 'Another Round' wanda ya ci Oscar a 2021. Wannan karon Vinterberg ya tura labarinsa gaba kaɗan, wasu 'yan shekaru masu zuwa da bai faɗi adadinsu ba. Ruwan teku na ta hauhawa, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta mafi tsawo bai wuce mita 170 da 'yan kai ba. Sai gwamnati ta yanke shawarar a rufe ƙasar baki ɗaya, kowa ya fita.

Nan ma ba a nuna ambaliya tana cin gidaje ba. Abin da aka nuna shi ne gida mai tsada ya wayi gari ba ya da daraja ko ta sisi, masu hali sun zaɓi inda za su, talakawa sun shiga layin gwamnati. Jarumar, Laura, 'yar sakandare ce da iyayenta suka rabu: uba zai tafi Faransa da sabuwar matarsa, uwa za a kai ta Romaniya, ga kuma saurayi. Wa za ta bi? Turawan da suka saba gani a talbijin wasu na gudun hijira, yau su ne ke roƙon takardar zama.

Abin da Vinterberg ya hango wa ƙasarsa a gaba, Gobir ta riga ta gan shi. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka Jihar Maraɗi, da yawansu daga Sabon Birni da Isa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Sai dai akwai inda labarin ya sha bamban da na Turawa. Wanda ya gudu daga Sabon Birni zuwa ƙasar Maraɗi wurin dangi ya je. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma wani reshe na gidan sarautar ya dawo ya kafa Sabon Birni. Tsage ɗaya, harshe ɗaya. Shi ya sa tun kafin hukumomi su iso, talakawan ƙauyukan iyaka ne suka buɗe gidajensu suka raba ɗan abin da ke rumbu da baƙi. Wannan kaɗai fim ne.

Me ya hana 'yan fim?

Tambayar da ta rage ita ce, ina industirin finafinan Hausa? An yi soyayya, an yi kishiya, an yi gado, an yi 'yan daba. Abin da ya fi komai taɓa rayuwar miliyoyin masu kallo a Arewa maso Yamma kuwa, sai dai a gilma ta gefensa.

Ba a ce babu dalili ba. A Satumba 2021, watan da aka rufe layukan waya a Gobir, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah ta sanar da hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na koyon ta'asa daga ciki. A Agusta 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga, ta kuma ci wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam irin wannan tara saboda sun nuna shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara. Kafin nan, 'The Milkmaid' na Desmond Ovbiagele, wanda Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi a 2020, sai da aka yanke masa fiye da minti 20 kafin a bar shi ya fita. Furodusan da ya ga wannan, ga kuma tsoron su kansu mutanen dajin da ke da wayoyi suna kallon komai, ba za a kira shi matsoraci ba in ya koma wa labarin soyayya.

Tsoron masu tacewa ma ba na banza ba ne. Fim ɗin da zai nuna ɗan bindiga da rawani da tabarau, kyamara na ɗaukar sa daga ƙasa, kiɗa na tashi, yara na kwaikwayon tafiyarsa a unguwa, gara ba a yi shi ba. To amma a nan ne dabarar Lindholm ke da amfani. Bai nuna yadda ake kama jirgi ba, balle wani ya koya. Bai mai da ɗan fashi jarumi ba. Ya ajiye kyamara a wurin masu jira. Babu abin da yaro zai koya daga kallon tsohuwa tana kwance ɗan kunnenta tana miƙa wa dillaliya, in ban da tausayi.

Dabara ta biyu ita ce ta Vinterberg, wato a tura labari gaba. 'Yan fim ɗin Hausa ma sun san makamanciyarta. 'Kwana Casa'in' na tashar Arewa24 ya ƙirƙiri jihar Alfawa ya faɗi abin da ya ga dama kan siyasa, ba wanda ya ce da shi ake. 'Daɗin Kowa' ya ƙirƙiri gari ya sa 'yan gudun hijira a ciki. Me zai hana a ƙirƙiri wani gari a bakin gulbi, kusa da iyaka, a ce ana shekarar 2040? A ɗauka hanyoyi sun mutu, kaya sai ta kwale-kwale da damina, 'yan fashi sun koma tare gulbi. An kama wani mai tuƙin jirgi. Ƙanwarsa, wadda aka haifa a sansanin hijira ba ta taɓa ganin garin iyayenta ba, ita kaɗai ta rage da za ta amsa waya. Lokeshin uku sun isa: zaure, tsakar gida, da tudun da ake samun sabis. Ba sai an sayi bindigar roba ko guda ba. Kuɗin da ake kashewa a waƙa biyu ta rawa zai ɗauki rabin aikin.

Akwai dai wuri guda da bai kamata a bi Lindholm ba. A fim ɗinsa ba a fassara maganar 'yan Somaliya ba, mai kallo na jin su ne kamar hayaniya, kuma ba a ce uffan ba kan abin da ya kai su teku, alhali gwamnatin ƙasarsu ta rushe tun 1991, jiragen ƙasashen waje kuma suka yi ta kwashe masu kifi. Shi yana iya yin haka, don baƙi ne a wurinsa. A Gobir kuwa mai kira da mai amsawa sun ci kasuwa ɗaya, wataƙila ma iyayensu sun yi huldar nono da gero. Akwai infoma a cikin gari. Akwai Fulanin da aka kore wa shanu, akwai waɗanda 'yan sa-kai suka kashe ba da hakki ba, akwai kuma waɗanda su ma ake sace su ana karɓar fansa. Fim ɗin da zai ɗora laifi a kan ƙabila guda fetur zai zuba. Marubucin da zai taɓa wannan labari sai ya je ya zauna da mutanen Isa da Sabon Birni da ke gudun hijira a Sakkwato da Maraɗi, ya saurara da kyau, ba ya zauna a Zoo Road ya ƙaga ba.

Sai kuma maganar harshe. An saba a finafinan Kano idan aka sa mutum ya yi Sakkwatanci, to don a yi dariya ne. Wannan fim kuwa kacokan a kan murya zai tsaya, tunda rabinsa waya ce. Dole mai cewa "munka" da "sunka" da "kuɗɗi" ya zama da su ya tashi, ba a lokeshin ya koya ba. Akwai 'yan wasa a Sakkwato da Gusau da Maraɗi da ba a taɓa ba babban rol ba. Wanda zai yi muryar ɗan fashin ma ba sai an ga fuskarsa ba har fim ya ƙare, abin da zai sauƙaƙa samun mai yarda ya hau rol ɗin.